Ina neman inda zan sayi littafi kuɗin ya isa hannun ƙaramin shago

Assalamu alaikum. Wata uku ke nan ina neman wani littafin tarihi da aka daina bugawa, kuma na ƙudurta ba zan saye shi a manyan kamfanonin intanet ba. So nake kuɗina ya shiga aljihun mai shagon da ya san abin da ke kan kantarsa.

Na fara da AbeBooks, ina ganin ai kasuwar ƙananan dillalai ce, ashe Amazon ta saye ta tun 2008. Book Depository ma tata ce, an rufe ta a 2023. Bookshop.org ya burge ni don yana raba riba da shaguna masu zaman kansu, amma sababbin littattafai ne ƙarfinsa, nawa kuwa babu shi a can.

Sai na samu wani ƙaramin shafi, na sa lambar ISBN, wato lambar shaidar littafin, littafin ya fito, na biya. Da kwalin ya iso, tambarin wani katafaren kamfani ne a jikinsa, har da rasitinsu a ciki. Wato mai shafin bai taɓa riƙe littafin ba, can ya saya ya ɗora ribarsa. Bugun ma ba wanda na nema ba ne, babu taswirorin da nake buƙata. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai.

Don Allah, kafin in biya, ta yaya zan tabbatar mai sayarwa na da littafin a hannunsa, ba ɗan tsakani ba ne?