Shin waɗanda suka mayar da littafin Tolkien fim sun ci amanarsa?

Tsohuwar Makaranciya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina riƙe da wannan magana a ciki, yau dai na ga gara in amayar da ita, domin duk wanda na tara da ita sai ya ce na cika ɗaukar abu da zafi. Tun da kamfanin Warner Bros ya sanar a 2024 cewa za a yi sabon fim mai suna The Hunt for Gollum, wanda Andy Serkis zai ba da umarni kuma ya sake fitowa a matsayin Gollum, halittar nan da ta daɗe riƙe da zoben tsafin da labarin ya ginu a kansa, mutane suke ta yi mini albishir, saboda sun san irin son da nake yi wa littafin The Lord of the Rings na Tolkien. Ni kuwa gabana ne ya faɗi. Labarin farautar Gollum a wajen Tolkien bai wuce 'yan shafuka ba. Matsafi Gandalf ya ba Frodo, wanda zoben ya koma hannunsa, wani yanki na labarin a babi na biyu, Aragorn ya ƙara wani yanki a taron gidan Elrond, inda ya faɗi yadda ya kama shi a gefen Fadamar Matattu, ya ɗaura masa igiya a wuya ya kora shi har dajin Mirkwood, sauran kuma 'yan layuka ne a ratayen ƙarshen littafi. Ta yaya za a tatso cikakken fim daga wannan ba tare da an cika shi da abin da marubucin bai san da shi ba? Mun ga yadda aka yi da The Hobbit, littafi guda na 1937, aka ja shi har ya zama fina-finai uku a 2012 da 2013 da 2014, aka kuma shigo da Tauriel wadda babu ita ko a layi ɗaya. Peter Jackson da abokan aikinsa, mutanen da suka ci amanar Tolkien sau biyu, a fina-finan The Lord of the Rings uku da kuma na The Hobbit, su ne za su shirya wannan, don haka ban ga abin murna ba.

Mai Son Silima: Wa alaikumus salam. Yaya, ina girmama karatunki, amma kalmar cin amana ta yi nauyi ƙwarai, kuma ba zan iya wuce ta ba. Amana abu ne da mutum ya damƙa maka ya ce ka ajiye masa, kai kuma ka salwantar. Tolkien bai ba kowa ajiya ba, sayar da haƙƙin yin fim ya yi da hannunsa ga kamfanin United Artists a 1969, shekara huɗu kafin rasuwarsa. Wanda ya sayar da abu ya karɓi kuɗinsa, yaya za a ce wanda abin ya koma hannunsa ya ci amanarsa? Ki ce sun sauya, ki ce sun rage, ki ce sun ƙara, duk zan saurare ki, amma wannan kalmar ki janye ta.

Ɗalibin Adabi: Malam Mai Son Silima, ka taƙaita amana ga ciniki, alhali ta fi haka faɗi. Ai marubuci yana iya sayar da takardar izini, amma halin mutanen da ya gina yana nan a wuyan duk wanda ya ɗauki sunansu. Ka duba Faramir, ɗan mai mulkin ƙasar Gondor. A littafi, lokacin da ya gane cewa zoben yana hannun Frodo, kuma ga shi da mayaƙa kewaye da shi a cikin kogo, babu mai hana shi ƙwacewa, sai ya kame kansa ya sallame su da guzuri. Wannan kamewar ita ce Faramir gaba ɗaya, ita ta bambanta shi da yayansa Boromir. A fim na 2002 kuwa sai aka sa ya tasa ƙeyar Frodo da abokin tafiyarsa Sam zuwa birnin Osgiliath da niyyar miƙa wa mahaifinsa zoben. Idan ka karɓi sunan mutumin kirki ka liƙa masa aikin da ya ƙi aikatawa, wane suna za mu ba wannan in ba cin amana ba?

Mai Son Silima: Ƙanina, amma ai daga baya ya sake su, ko ka tashi kafin fim ya ƙare? Masu rubuta fim ɗin sun bayyana dalilinsu, cewa bayan sun kwashe sa'o'i suna nuna wa mai kallo zoben yana rinjayar kowa, idan wani ya zo ya kau da kai cikin sauƙi, to ƙarfin zoben ya karye a idon mai kallo. Wannan hujja ce ta sana'a. Kana iya ƙin ta, amma mai cin amana ba ya tsayawa ya yi maka bayanin dalilinsa.

Uwar Yara: Ni dai kalmar ta yi mini ciwo, domin ta hanyar fim na san littafin, kuma duk wanda na sani yana karanta shi yau, fim ne ya kai shi. Idan Peter Jackson maci amana ne, to mu da muka shigo ta ƙofarsa mene ne sunanmu? Na tuna daren da na fara kallon fim na farko, lokacin da Gandalf ya tsaya a kan siririyar gadar nan ta Moria ya buga sandarsa, sai da na ga hannuna ya damƙe gefen kujera ban sani ba. Bayan mako guda na nemi littafin. Mutumin da ya ɗauko Alan Lee da John Howe, waɗanda suka daɗe suna zana hotunan littattafan Tolkien, ya kai su Niyu Zilan don su tsara masa gidaje da makamai, bai yi kama da wanda ya raina marubucin ba. Fim na uku ya ci lambar Oscar goma sha ɗaya a 2004, duk wadda aka sa shi takara sai da ya ɗauke ta.

Ɗalibin Adabi: Hajiya, yawan lambobin yabo shaida ce cewa fim ya yi kyau a matsayinsa na fim, ba ta ce komai game da riƙon amana ba. Masu jefa ƙuri'ar ba su zauna da littafi a hannu suna gwadawa ba.

Baƙon Zaure: Ku gafarce ni da katsalandan, amma ina ganin an kai maganar inda bai kamata ba. Tatsuniya ce fa, ta zobe da dodanni da wadanni. Tatsuniya kuwa kowa yana faɗinta yadda bakinsa ya iya, babu wanda ake tuhuma da cin amana don ya ƙara gishiri.

Tsohuwar Makaranciya: Ɗan'uwa, wannan kalma taka ta fi ta kowa ɓata mini rai. Tatsuniya ba ta da marubuci sananne, daga baki zuwa baki take tafiya, shi ya sa kowa ke da ikon juya ta. Wannan kuwa aikin mutum ɗaya ne, farfesa a jami'ar Oxford ta Ingila, wanda ya kwashe fiye da shekara goma yana rubuta shi kafin a buga a 1954 da 1955, ya ƙirƙiri harsuna da nahawunsu, ya tsara taswira da kalanda da jerin sarakuna. Yadda ka kira shi tatsuniya ya nuna mini ba ka taɓa buɗe shi ba.

Baƙon Zaure: Yaya, ban buɗe shi ba, kuma ban ɓoye ba, amma ban yi nufin raini ba. Ke kika ɗauki tatsuniya a matsayin abin ƙasƙanci. A wajena labarin da babu shi a duniyar zahiri, mai ɗauke da halittun da ba a taɓa gani ba, sunansa ke nan.

Malamin Harshe: Ku ba ni dama a nan, domin wannan fagena ne. Ku biyun duk kun kauce. Ƙagaggen labari shi ne babban suna, kuma a ƙarƙashinsa irin wannan ya fi kusa da almara, tun da ya ƙunshi abin da hankali ya san ba ya faruwa, amma aka gina shi da tsari kamar tarihi. Sai dai ina so Yaya ta sani cewa shi kansa Tolkien bai ji kunyar kalmar da ta yi daidai da tatsuniya a harshensa ba. A 1939 ya gabatar da lacca a jami'ar St Andrews yana kare irin waɗannan labarai, yana cewa kuskure ne a mayar da su kayan yara kaɗai. A cikin wannan aikin ne kuma ya nuna shakkarsa cewa wasan kwaikwayo na dandamali zai iya ɗaukar irin wannan labari, domin abin da zuciya ke sawwarawa yakan ƙanƙance idan aka sa mutum ya saka kaya ya kwaikwaye shi.

Ɗalibin Adabi: Malam, da girmamawa, almara ma ba ta dace ba, domin a bakin mutane almara tana nufin zancen da ba shi da kai, shi ya sa ake cewa wane yana almara. Ni na fi yarda a ce ƙagaggen labari kawai a tsaya nan.

Malamin Harshe: Ɗalibi, abin da kalma ke nufi a bakin mai faɗa daban, abin da take nufi a nazari daban. Idan muka bi taka, ashe kalmar ƙage ma sai mu jefar da ita, tun da ana cewa an yi wa wane ƙage.

Mai Son Silima: Malam ya kawo mana abin da ya ƙarfafa maganata ba tare da ya nufa ba. Idan marubucin da kansa ya san cewa abin kallo ba zai ɗauki littafinsa yadda yake ba, amma duk da haka ya sayar da haƙƙin, to ya amince da sauyi ke nan tun farko.

Ɗalibin Adabi: Bai amince ba, kuma akwai shaida. An aiko masa da tsarin wani fim da aka so yi, a 1958 ya rubuta doguwar wasiƙa yana bin sa ɗaya bayan ɗaya yana suka, har ya koka da yadda aka mayar da manyan mikiyoyin nan abin hawa a ko'ina. Ɗansa Christopher, wanda ya kwashe rayuwarsa yana tattara rubuce-rubucen mahaifinsa, ya gaya wa jaridar Le Monde ta Faransa a 2012 cewa an mayar da littafin fim ɗin faɗa na matasa. Ɗan da ya fi kowa sanin aikin ne ya faɗi haka. Kuma har yanzu babu wanda ya taɓa babban giɓin: a littafi, bayan an halaka zoben, 'yan Hobbit, wato Frodo da abokansa, sun koma gida suka tarar mugun matsafi Saruman ya mamaye ƙasarsu Shire, an sare itatuwa, har da babbar bishiyar da Bilbo, wanda ya bar wa Frodo zoben, ya tsaya a ƙarƙashinta ya yi bankwana a bikinsa, Sam ya gan ta a yashe ya fashe da kuka. Fim ya share wannan gaba ɗaya, ya mayar da su gida suka tarar komai lafiya lau.

Uwar Yara: Ƙanina, fim na uku ya riga ya haura sa'a uku, kuma mutane suna ƙorafin ƙarshensa ya yi tsawo. Da an ƙara wani yaƙi bayan faɗuwar Sauron, babban mugun labarin, wa zai zauna? Ina lura da cewa ku masu littafi kullum kuna magana kamar ku kaɗai kuka gaji Tolkien, mu kuwa 'yan cin arziki ne.

Tsohuwar Makaranciya: Hajiya, ban ce ke 'yar cin arziki ba ce, kada ki sa mini magana a baki.

Uwar Yara: Ba ki faɗa da baki ba, amma yadda kika amsa wa Baƙon Zaure ya isa shaida.

Mai Kula da Zaure: 'Yan'uwa, maganar ta fara komawa kan mutane, don haka zan tattara ta. Abin da ya fito fili shi ne yawancinmu mun ga kalmar cin amana ta wuce gona da iri, musamman da Malam Mai Son Silima ya tunatar da mu cewa Tolkien da kansa ya sayar da haƙƙin a 1969, hujjar da ban ga an rushe ta ba. Hajiya Uwar Yara ta nuna mana da misalin kanta cewa fina-finan sun kawo wa littafin sababbin makaranta, kuma lambobin Oscar goma sha ɗaya ba abin wasa ba ne. Ɗalibin Adabi ya ambaci wasu 'yan sauye-sauye, waɗanda kowa ya san tsawon fim ne ya tilasta su. Batun tatsuniya da almara kuwa Malamin Harshe ya warware shi. Ni da na kalli fina-finan ukun fiye da sau goma ina ganin ya kamata mu kyautata zato ga Andy Serkis, tun da babu wanda ya san Gollum kamarsa.

Tsohuwar Makaranciya: Shugaba, na gode, amma na ƙirga waɗanda suka ce kalmar ta wuce gona da iri, su uku ne, kai ne na huɗu, kuma wasiƙar 1958 da maganar Christopher ba su fito a taƙaitawarka ba ko da kalma ɗaya. Sauya halin Faramir kuma ba tsawon fim ne ya jawo shi ba, domin tafiyar Osgiliath ƙara wa fim tsawo ta yi. Tambayar da na zo da ita tun farko tana nan babu wanda ya taɓa ta. Tsakanin bikin Bilbo da fitar Frodo daga Shire shekara goma sha bakwai ce a littafi, a cikinsu aka yi farautar Gollum, kuma fim na 2001 ya dunƙule su har mai kallo ya ɗauka 'yan makonni ne. Ina so wanda yake murna da sabon fim ya gaya mini a ina za su sa waɗannan shekarun da suka riga suka share, kuma da me za su cika su.