Kayan maza masu sunan taurari a Ailan: suna ake saye ko yadi?

Baban Iman, Dublin

Salamu alaikum jama'a. Duk wanda ya shiga sashen maza na Dunnes Stores, babban shagon sutura da kayan abinci na Ailan, zai tarar da sunaye rataye sama da kaya: Paul Galvin, tsohon ɗan ƙwallon gargajiya na gundumar Kerry wanda kayansa suka fito a 2015, Pádraig Harrington mai kayan wasan golf, da marigayi Paul Costelloe, shi kuwa tun asali mai zana sutura ne. A shagunan garuruwa kuma akwai XV Kings na Tommy Bowe, tsohon ɗan wasan rugby. Sababbin zuwa suna yawan tambaya ko waɗannan kayan sun fi na gama-gari, da kuma wace irin shiga ce ba za ta sa mutum ya fita daban ba a ofis ko wajen biki. Masu sana'ar da waɗanda suka daɗe, a taimaka mana da bayani mai amfani.

Tela Mudi

Wa alaikumus salam, Baban Iman. Tauraro ba ya riƙe almakashi. Iyakarsa ya zaɓi launi da yanka, wani lokacin ma hoto kawai ake ɗaukarsa, sauran aikin na masana'anta ne. Don haka ku bar babban tambarin da ke wuya, ku juya rigar ku nemo ƙaramin farin ƙyallen da ke ɗinkin gefen hagu. Nan gaskiya take.

A kwat, in an rubuta polista kashi 65 da biskos kashi 35 cikin ɗari, ko kusa da haka, to kwat ce ta biki ɗaya ko biyu a shekara. Ba ta shaƙar iska, gwiwar hannu da mazaunin wando suna fara ƙyalli da wuri, kuma dutsen guga mai zafi yana barin tabo da ba ya fita. In za a sa ta kullum zuwa aiki, a nemi ulu zalla ko aƙalla rabi da rabi, mai nauyin giram 280 zuwa 300 a mita. Wannan nauyin yana kai mutum duk shekara a ƙasar nan.

Na biyu shi ne abin da ke cikin ƙirjin kwat. Tsakanin yadin waje da shafi akwai wani ƙyalle da ke ba ƙirji tsayuwa. A kwat mai araha manna shi ake yi da gam, a mai tsada kuma ɗinka shi ake yi. Gwajin ba wuya: kama yadin ƙasa da maɓallin ƙarshe da yatsu biyu ta waje, biyu ta ciki, ka ja a hankali. In ka ji ƙyalle na uku yana yawo a tsakiya, ɗinkakke ne. In biyu kawai ka ji kuma na wajen ya yi kauri, mannanne ne. Illar mannanne ita ce ruwan sama da tururin masu wankin kwat suna sakin gam ɗin, sai ƙirji ya yi ƙuraje-ƙuraje, kuma babu telan da zai mayar da shi daidai. Kusan duk kwat da ake sayarwa a manyan shagunan titi mannanniya ce, da sunan tauraro ko babu. Ba laifi ba ne in farashin ya yi daidai da hakan. Dabarar ita ce a rage kai ta wanki, sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa, a riƙa goge ta da burushi, a rataye ta a katako mai faɗin kafaɗa.

Na uku, kafaɗa. Kusan duk awon kwat yana gyaruwa cikin sauƙi ban da ita. Ɗinkin kafaɗa ya tsaya daidai inda ƙashinka ya ƙare. Ƙugu ana rage shi, ana ƙara masa santimita biyu zuwa uku in an bar yadi a ciki, hannu ana rage shi har kan hannun taguwa ya leƙo da santimita ɗaya. Amma in maɓallan hannun suna da huda ta gaske, sai an kwance hannun daga sama, aikin kuma kan kusa kai kuɗin kwat ɗin.

Ɗan Damagaram, Galway

Malam Mudi ya gama da kwat, amma mafi yawan mazan Ailan ba sa sa ta sai aure, jana'iza, kotu ko sukuwar dawaki. Abin da ke tsara shigarsu shi ne ruwa da iska. Dublin tana samun ruwa wajen milimita 750 a shekara, bai fi na Kano wani abin kirki ba, sai dai namu yana zuba cikin wata huɗu ya wuce, nasu kuwa yayyafi ne a warwatse daga Janairu zuwa Disamba. A yammaci, wajen Kerry da Mayo da nan Galway, ya kan fi haka sosai, wani wurin har ya ninka. Sanyin ba mai kisa ba ne, digiri 4 zuwa 8 da hunturu, da rani kuma da wuya ya wuce 20, amma akwai laima a cikinsa. Shi ya sa za ka ga riga mai gajeren hannu, sai suwaita mai zik zuwa ƙirji, sai jaket marar hannu mai cushe, sai rigar ruwa a sama. Laima ta hannu ba ta kwana biyu a Galway, iskar teku tana juya ta.

Abu na biyu shi ne ƙungiyar wasannin gargajiya ta GAA, wadda aka kafa a 1884. Rigar gunduma a wajensu kamar tuta ce: Kerry kore da ruwan zinare, Cork ja, Kilkenny baƙi da ruwan ɗorawa, Dublin shuɗi mai haske. Kamfanin O'Neills, wanda ya fara a 1918, shi ke ɗinka mafi yawansu, har da gajeren wandon nan da samari ke yawo da shi ko ana ruwa. Tun da aka riƙa ɗaukar hoton ɗan fim Paul Mescal sanye da shi a 2020 ya zama abin yayi har a waje, alhali 'yan ƙauye sun daɗe suna zuwa kanti da shi.

Akwai kuma shigar da su kansu suke yi wa dariya: jins mai buɗaɗɗiyar ƙafa, taguwa mai gida-gida, da takalmin fata ruwan ƙasa. Ita ce shigar manomi in zai fita daren Asabar. Mutanen Dublin suna tsokanar na karkara da ita, na karkara kuma suna tsokanar samarin Dublin da kayan motsa jiki sama da ƙasa da farin kambas.

Malam Habu

Ni ban yarda a ce sunan banza ne ba. Galvin ya ci kofin ƙasa sau huɗu da Kerry, an zaɓe shi gwarzon shekara a 2009. Mutumin da zai ji kunyar gwada matsattsen wando ko doguwar riga mai sauka ƙasa da ƙugu, in ya ga sunan ɗan ƙwallon da yake girmamawa a kai, a shagon da yake sayen madara da burodi, sai ya ɗauka. Abin da sunan ya sayar ke nan, ƙarfin hali. Yadi kuma, kamar yadda Tela ya ce, a duba ƙyalle.

Maman Khalil

Malam Habu, gaskiyarka, amma mu da muke tsaye a kan kanta mun san abin da ake dawowa da shi. Mafi yawan dawowar ba lalacewa ba ce, awo ne. Kayan 'yan wasa ana yanka su a jikin ɗan wasa: ƙirji faɗi, ciki a lafe, hannu matsattse. M ɗinsu kan zo kamar S na kayan gama-gari. Mai ɗan tumbi ya ƙara lamba ɗaya, ko ya nemi yankan da aka rubuta masa regular maimakon slim.

Awo a nan da inci ake yi. Kwat tana bin faɗin ƙirji, 38, 40, 42, sai harafi a gaba: S ga gajere, R ga matsakaici, L ga dogo. Idan kwat da wando a haɗe suke, ƙugun wandon kan gaza ƙirji da inci 6, wato kwat 40 tana zuwa da wando 34. Wanda jikinsa bai bi wannan lissafin ba ya sayi waɗanda ake sayarwa daban-daban. Taguwar ofis kuma da awon wuya take, 15, 15 da rabi, 16. In ka ɓalla maɓallin sama, yatsu biyu su shiga, kada su wuce haka.

Wajen wanki ake kashe kaya. Suwaitar ulu mai laushi a wanke ta a digiri 30, a juye, a shimfiɗa ta ta bushe a kwance. In aka rataye ta jiƙe kafaɗa tana tsirowa, in aka jefa ta injin busarwa ta koma ta yaro. Jins mai roba kashi 2 cikin ɗari shi ma zafin injin busarwa ne ke kashe robar, sai gwiwa ta yi jaka. Suwaitar akirilik kuwa tana yin ƙulli-ƙulli a hammata da inda igiyar jaka ke gogawa, ko sunan wa ke wuyanta.

A kiyaye wannan kuma: abin da ka saya ta intanet kana da kwana 14 ka fasa ba tare da dalili ba. Abin da ka saya a cikin shago, in ba shi da aibi, doka ba ta tilasta musu karɓa ba, alheri ne na shagon. A ajiye rasit, kada a cire tambari sai an gwada a gida da takalmin da za a sa.

Tela Mudi

Hajiya ta taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Tun lokacin da ɗan damben Ailan Conor McGregor ya riƙa fitowa da kwat mai falmaran, matsattsiya, wando a ɗage sama da idon sawu, har ya fitar da nasa kayan August McGregor tare da kamfanin ɗinki na David August na Amurka, samari suka ɗauka matsewa ita ce dacewa. Nasa an auna a jikinsa aka yanka. Na shago kuwa ƙaramar lamba kawai yaro yake ɗauka. Alamomin a fili suke: maɓallin gaba ya ja yadi ya yi siffar X, tsagar baya ta buɗe baki, aljihun wando ya yi kunne. Wando in ya matse a cinya, ɗinkin mazauni ne ke fara tafiya, kuma a mai araha ba a barin yadin da za a buɗe. Ga mu masu salla gwajin ma ya fi sauƙi: a ɗakin gwaji ka durƙusa ka zauna zaman tahiya. In ka ji ɗinki yana kuka, mayar musu.

Wanda yake son a auna shi da kyau, akwai tsofaffin gidaje irin Louis Copeland a titin Capel a Dublin. Ko ba ka saya ba, ka san lambarka.

Alhaji Cork

Ku yara kuna ta maganar 'yan ƙwallo, kun bar abin da ƙasar ta iya da gaske. Yadin ulu na Donegal, mai ɗigo-ɗigon launi a cikin saƙa, wanda gidan Magee da aka kafa a 1866 ya yi suna da shi. Jaket ɗinsa yana da nauyi, ya kan kai giram 450 zuwa sama, yayyafi yana tsayawa a kan gashinsa kafin ya shiga, kuma ba ya nuna datti. In ya jiƙe kada a kai shi kusa da hita, a rataye shi a ɗaki ya bushe da kansa. Abokin gabansa asu ne, don haka a goge shi kafin a ajiye da rani. Sai suwaitar Aran mai saƙar igiya, da faifan hula irin ta Hanna Hats ta garin Donegal. Gaskiya dai suwaitar Aran baƙi 'yan yawon buɗe ido sun fi 'yan ƙasa saye, kuma da yawa a shagunan tsaraba inji ne ya saƙa, a karanta ƙyallen.

Wurin ganin wannan shiga shi ne sukuwar Galway a Ballybrit ƙarshen Yuli. A bikin aure kuwa kusan doka ce: kwat shuɗiya mai duhu da falmaran, takalmi ruwan ƙasa, ango da abokansa sau da yawa haya suke yi. Baƙo ya sa haka ba wanda zai kalle shi sau biyu. Jana'iza baƙi ko toka mai duhu.

Auwalu Sabon Zuwa

Alhaji, ranka ya daɗe, to kaftani fa? Ranar Juma'a ana fita da shi ko sai a jira bazara?

Alhaji Cork

Ana fita da shi, ɗana, kuma su kansu suna yabawa. Sai dai shadda ba ta riƙe ɗumi, ruwa kuma yana kashe sitati da ƙyallinta. Ka sa doguwar singileti da dogon wando na ulu mai laushi a ciki, masu bin jiki. Ka ce wa telanka na gida ya ɗage wandon da inci ɗaya don kada ya sha ruwan titi. A sama kuma doguwar kwat ta sanyi mai kaiwa gwiwa, domin gajeren jaket a kan kaftani yana barin rabin rigar a ruwa. Hula a saka ta a leda sai an shiga masallaci.

Ɗan Damagaram, Galway

Ƙari kan rigar ruwa, tunda ita ce za a fi sawa a cikin duk abin da aka lissafa. In an rubuta tana jure yayyafi kawai, minti goma za ta yi maka. A nemi wadda aka rubuta ƙarfin hana ruwanta milimita 10,000 ko sama, a juya cikinta a ga an manna tef a kan kowane ɗinki, zik kuma yana da marfi. Ta ɗinkin kafaɗa da na hula ruwa ke fara shiga. Kada a wanke ta da ruwan laushin kaya, yana toshe ƙofofin yadin. In ruwa ya daina taruwa ƙwaya-ƙwaya a kanta, ba ta mutu ba: a wanke ta da sabulun rigunan ruwa, a fesa maganin da ake sayarwa a shagunan kayan hawan dutse, a ɗan ɗumama ta a injin busarwa na minti 20 in ƙyallen ya yarda.

Maman Khalil

Masu jiran rahusa: babbar ita ce wadda ke farawa ranar 26 ga Disamba, sai ta ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Kayan masu suna suna fitowa ne kashi-kashi, in kashi ya wuce ba a cika sake kawo shi ba, kuma M da L da wando 32 da 34 ne ke fara ƙarewa. Mai wannan awon kada ya jira. Mai XS ko XXL shi ne rahusa take yi wa rana.