Gashi ko ƙonawa? Neman sunan aikin da ake yi wa sankarar mama idan ta haura kai

Malamar jinya, Ringim: Salamu alaikum. Muna neman kalmar da za mu riƙa faɗa wa dangi idan sankarar mama ta yaɗu zuwa ƙwaƙwalwa, aka tura mace Zariya ko Sakkwato ko Abuja a yi mata rediyoterafi, wato kashe ƙwayoyin sankara da haske mai ƙarfi daga inji. "Ƙonawa" tana firgita mutane, wasu daga jin ta sai su juya gida da mara lafiyar.

Jami'in lafiya, Gaya: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ai "gashi" ya riga ya zauna a bakin mutane.

Malamar jinya: Haka ne Malam, amma a ƙauye gashi wuta ne, irin na mai jego. Sai ka ji an ce me zai kai mu Zariya, ga garwashi a gida?

Mai aiki da injin rediyoterafi: Hajiya ta yi gaskiya, babu zafi a ciki ko kaɗan. Ana fara tausasa wata roba mai huji-huji da ruwan ɗumi, a shimfiɗa ta a fuska ta ɗauki siffarta, sannan a ɗauki hoton kai da ita a fuskar. Ita ke riƙe kai kada ya motsa, don in ya goce hasken zai sauka inda ba a nufa ba. Injin yana zagayawa 'yan mintuna, ba a ganin hasken, ba a jin sa. Kuma hasken ba ya bin mara lafiyar gida, ta ɗauki jikanta, ta ci abinci kwano ɗaya da kowa. Shawarata: "gashin haske".

Likita, Birnin Kudu: Na goyi baya, sai dai a raba shi biyu. In ƙulluwan sankarar da ke ƙwaƙwalwa suna da yawa, ana haska kai duka, galibi gire 30 (gire ma'aunin yawan hasken ne) a zama 10, ko gire 20 a zama 5. Wannan "gashin haske na kai duka". Sumar kai tana zubewa bayan mako 2 zuwa 3, ga kasala, wasu kuma mantuwa. In kaɗan ne, kowanne bai wuce santimita 3 ba, ana iya auna su ɗaya-ɗaya da haske mai ƙarfi, sau da yawa a zama ɗaya. Wannan "na saiti", amma ba kowane inji ke yin sa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne maganin dezametason da ake bayarwa don kumburin ƙwaƙwalwa. Ciwon kai da amai na lafawa, sai a ɗauka an warke a ajiye shi. Ba a yanke shi lokaci ɗaya, a hankali likita ke rage shi. Yana kuma ɗaga sukari, mai ciwon sukari a riƙa gwada ta.

Jami'in lafiya: Ranka ya daɗe, mun karɓa. Kowace rana kuma mu kira ta "zama", don dangi su san zama 10 ba a tsallake ɗaya. Kafin a hau mota a buga waya a tabbatar injin yana aiki, a kuma tanadi masauki na mako 2.