Tsohon babur ya ƙi tashi: abin da aka tattauna

'Yan uwa, ga abin da na tattaro:

1. Kowa ya yarda a fara da fulogi. A kwance shi, a mayar masa da hularsa, a jingina shi jikin inji, a buga kik. Shuɗiyar wuta mai ƙarfi ake nema. In ya yi baƙi ko ya jiƙe da mai, a goge ko a sauya.

2. Babu wuta? A duba makulli da wayoyi, musamman da damina, bayan an ratsa ruwa a hanyar gona.

3. In makulli da wayoyi lafiya suke amma har yanzu babu wuta, nan aka rabu: wasu sun ce matsalar kwayil ce (na'urar da ke ƙara ƙarfin wutar da ke zuwa fulogi), wasu CDI (ƙaramin akwatin da ke sarrafa lokacin da fulogi zai ba da wuta). Ina tare da masu cewa a ari na lafiyayyen babur a gwada kafin a kai kuɗi kasuwa.

In akwai wuta, sai a koma kafireta.