Zagaya baƙon gari a kan keke: shawarwarin da aka tattaro

Waɗanda suka saba yawo da keke a garuruwan da ba nasu ba bakinsu ya zo ɗaya: kafin ka hau keken haya, matsa birki biyun, taɓa tayoyi ka ji iska, ka ɗaga sirdi yadda ƙafarka za ta kusa miƙewa idan feda ta sauka. Sirdin da ya yi ƙasa gwiwa yake ci.

An fi daɗewa kan hannun tuƙi. A Ingila, Japan da Indiya hagu ake bi, a Faransa da Holan dama, kuma a mahaɗar hanya baƙo yake mantawa, sai ya waiga ɓangaren da ya saba. Sai ƙofar motar da aka faka, wadda ake iya buɗewa kwatsam; a ba ta tazarar kamar mita ɗaya. A Amsterdam layin jirgin ƙasa na cikin gari yana kama taya, don haka a tsallake shi a gicciye. Wannan na fi ɗauka da muhimmanci, domin ruwan sama na ƙara wa ƙarfen santsi.

Kekunan haya na birni, irin Vélib' da aka fara a Paris a 2007, na gajeren zango ne, tunda kuɗi na ƙaruwa da lokaci. Mai son wuni guda gara ya nemi shagon haya.

An saɓa kan taswirar waya. Wasu sun ce a ɗaura wayar a gaban keke, wasu sun ce a tsaya gefe a duba, kuma na biyun ya fi kwanta min. Wajen kullewa, a haɗa jikin keken da ƙarfen da ke kafe, ba taya kaɗai ba.