Gyaran da ba ya nunawa, dole ne in faɗa wa mai saye?

Jama'a, a taimaka. Ina son sayar da iPhone 12, amma ciniki ya ƙi faɗuwa. An canza mata sikirin da batir, ba na kamfani ba. Waɗannan na rubuta su a talla, don tun iOS 15.2 wayar da kanta take tona su a saitin.

Matsalar aisin caji ce, wato ɗan ƙaramin guntun lantarkin da ke kula da cajin wayar. An ɗaga shi daga kan injin wayar, aka dasa wani da dalma, kuma ba a mayar da gam ɗin hana ruwa ba. Babu inda wannan ke nunawa, wata shida tana caji lafiya, ba zafi. Na faɗa wa mutum biyu, duk suka janye. Na rage kuɗi, shiru.

Wajibi ne in ambaci gyaran injin ko ba a tambaye ni ba?