Ƙanena ya ƙi shan maganin asibiti, ta yaya za mu kai shi asibitin masu taɓin hankali na Kware?

Assalamu alaikum. A Gusau muke. Ƙanena ya daɗe yana shan tiramadol da wiwi, yanzu abin ya taɓa masa kai. Ba ya barci, yana magana shi kaɗai, kuma ya daina cin girkin Inna, wai ana zuba masa guba.

An yi masa ruƙiyya, ya sha rubutu, babu sauyi. Da muka kai shi asibiti aka ba shi ƙwayoyi, ya natsu sosai har ya koma shago. Amma maganin ya sandarar masa da wuya, hannunsa na rawa, miyau na dalala. Sai ya watsar da shi, ya koma wurin abokan nan nasa. Yanzu ko sunan asibiti aka ambata sai ya bar gida.

Kawu ya dage a kai shi gidan mari. Ni dai ban yarda a sa wa marar lafiya sarƙa ba. Asibitin masu taɓin hankali na Kware a Sakkwato muke so.

Don Allah, wanda ya taɓa shiga irin wannan, ta wace hanya kuka shawo kan maras lafiyarku ya yarda ya bi ku wurin likita ba tare da an ɗaure shi ba?